Ƙwallo da siyasa a Ingila: amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata kana lafiya, da su Mama da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce wata jami'a ta ba ka gurbin digiri na biyu a nan Ingila, amma ba ka ɓoye mini cewa rabin zuciyarka na wajen ƙwallo ba. Kana son ka ga Arsenal ido da ido, kana kuma tunanin tunda ƙafarka na da kyau, wataƙila wani ƙaramin kulob ya gwada ka. Sai ka rufe da tambaya biyu: wai da gaske ne abin da ake faɗa kan wariyar launin fata, kuma me nake gani game da rigingimun da suka dabaibaye tamaula, na kuɗin Larabawa da na siyasa?

Bari in fara da wanda zai fi maka ɗaci. Bizar ɗalibi ta haramta maka aiki a matsayin ɗan wasa na sana'a, har ma da aikin koci. A rubuce yake cikin sharuɗɗanta. An yarda ka yi wani aikin na awa 20 a mako lokacin da ake karatu, kana iya buga wa jami'arka ko ka taka leda da abokai don nishaɗi, amma ranar da ka sa hannu a takardar wani kulob da zai biya ka, ka karya doka, kuma karatun ma yana iya tafiya. Hanyar da ɗan wasa daga waje ke bi daban ce. Tun Janairun 2021 sai hukumar ƙwallon Ingila ta amince da shi, bisa makin da ake lissafawa daga wasannin da ya buga wa ƙasarsa da ƙarfin gasar da ya fito. Ahmed Musa bai zo Leicester a 2016 da bizar karatu ba; sai da ya bi ta Holan da Rasha, ya yi suna a Super Eagles, sannan aka saye shi. Duk ejan ɗin da ya ce maka ka zo tukuna, shi zai haɗa ka da kulob, kuɗinka yake so. Don Allah kada ka ba shi ko sisi.

Kallon ma ba yadda kake zato ba ne. Za ka yi mamaki in na ce maka kai da ke zaune a gidan kallon ƙwallo ka fi ni ganin wasannin Firimiya. A nan akwai tsohuwar ƙa'ida da ta hana nuna wasa kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, don kada mutane su ƙaurace wa filayen ƙananan ƙungiyoyi. Sauran wasannin kuma an raba su tsakanin kamfanoni, kowanne da kuɗinsa na wata. Tikitin babban kulob kamar Arsenal, sai ka biya ka zama mamba, sannan ka shiga ƙuri'a, kuma sau da yawa ba za ta faɗo kanka ba. Talakawan garin da suka gaji kulob daga kakanninsu su ma kuka suke. A Fabrairun 2016 dubban magoya bayan Liverpool suka tashi suka fice daga fili a minti na 77, saboda an ce za a kai wani tikiti fam 77, sai da masu kulob suka janye suka ba da haƙuri. A shekarar ne aka ƙayyade tikitin magoya bayan ƙungiyar da ta zo baƙunta a fam 30.

Ni yawanci ƙaramin fili nake zuwa. Akwai wani dattijo Bature da kujerarsa ke kusa da tawa, yana zuwa da shayinsa a fulas da tsohon gyalen kulob da ya koɗe a wuyansa. Ba ya kiran 'yan wasa da sunan mahaifi, kamar 'ya'yansa yake kiransu. In aka tafi hutun rabin lokaci, hirarsa ba ta wuce kuɗin wuta da layin asibiti da wanda zai zaɓa. A wurinsa na gane cewa masu cewa a raba ƙwallo da siyasa ba su taɓa zama cikin 'yan kallo a ƙasar nan ba.

To, batun wariya. Gaskiya ne, kuma ba zan rage maka komai ba. Ranar 11 ga Yulin 2021 Ingila ta sha kashi a hannun Italiya a wasan ƙarshe na kofin Turai a Wembley, da bugun fenariti. Waɗanda suka ɓarar su uku ne, Marcus Rashford da Jadon Sancho da Bukayo Saka, dukkansu baƙar fata. Saka yana da shekara 19 a lokacin, haifaffen Landan, iyayensa 'yan Najeriya. Kafin gari ya waye an cika shafukansu da hoton biri da ayaba da cewa su koma inda suka fito. Yaran da aka yi wata guda ana rera sunansu. Daren nan ban yi barcin kirki ba, domin abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in wanda aka haifa a nan, ya sa rigar ƙasa, za a yi wa haka, ina ga ni da na zo da akwati? Mesut Özil ya faɗi irin wannan a 2018 da zai bar buga wa Jamus, cewa in an ci shi Bajamushe ne, in an faɗi kuma baƙo ne.

Amma in na tsaya a nan na zalunci mutanen ƙasar. Akwai zanen fuskar Rashford a jikin wani bango a unguwar Withington ta Manchester, wanda aka ɓata da zagi a daren. Na je wurin bayan 'yan kwanaki. An lulluɓe inda aka ɓata da baƙar leda, ledar kuma ta ɓace ƙarƙashin takardu da furanni da tutoci. Yawancin rubutun na yara ne, hannu bai gama faɗawa ba, suna gode masa da abinci. Abin da suke nufi shi ne, a 2020 wannan yaron ya tilasta wa gwamnatin Boris Johnson ta sauya shawara, ta ci gaba da ciyar da 'ya'yan marasa ƙarfi lokacin hutun makaranta. Na ga tsofaffi farar fata suna share hawaye a gaban bangon. Duka biyun Ingila ce, kuma duka biyun za ka haɗu da su, wani lokaci a cikin motar bas guda.

Abin da nake so ka lura da shi, zancen baƙi shi ne kan gaba a siyasar ƙasar nan, kuma kai ma da ka sauka ka shiga lissafin. A Maris ɗin 2023 BBC ta dakatar da Gary Lineker, tsohon kyaftin ɗin Ingila, daga shirinsa na ƙwallo, don ya soki kalaman gwamnati kan masu neman mafaka, ya kamanta su da na Jamus a shekarun 1930. Abokan aikinsa a shirin, Ian Wright da Alan Shearer, suka ce su ma ba za su fito ba, cikin kwanaki aka mai da shi. Siyasar da ta haifi wannan rigimar ita ce ta sa daga Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da mata da 'ya'ya, sai masu digirin bincike. Ita ce kuma ta fito titi a bazarar 2024, bayan kisan yara mata uku a Southport, da aka yaɗa ƙaryar cewa Musulmi mai neman mafaka ne ya aikata, aka far wa masallatai da otal-otal ɗin da aka ajiye baƙi. A wancan makon limaminmu ya ce kada kowa ya zo sallar isha shi kaɗai. Na faɗa maka ne ba don ka fasa ba, sai don ka zo da idonka a buɗe.

Ta fuskar addini, ina yaba wa ƙwallon Ingila, kuma da zuciya ɗaya nake yabon. A Afrilun 2021 aka tsayar da wasan Leicester da Crystal Palace don Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su sha ruwa, daga baya abin ya zama al'ada a watan azumi. Tsallaka ruwa kaɗan, hukumar ƙwallon Faransa ta ƙi yarda da hakan sam. Sujadar Mohamed Salah a Anfield ta yi aikin da lacca dubu ba ta yi ba. Masu bincike daga jami'ar Stanford sun gano cewa laifukan ƙiyayya sun ragu da kusan kashi 16 cikin 100 a yankin Liverpool bayan zuwansa.

Sai dai haƙurin yana da iyaka, iyakar kuma tana inda kuɗi ko siyasar manya suka fara. Da Özil ya yi magana kan Musulmin Uighur a Disambar 2019, Arsenal ɗinka ta yi maza ta ce ba ruwanta, gidan talabijin na gwamnatin China kuma ya fasa nuna wasanta da Manchester City. Kwana huɗu da Rasha ta afka wa Yukren a 2022, FIFA da UEFA suka dakatar da ita, filaye suka cika da tutar Yukren, ba wanda ya ce an sa siyasa a wasa. Da hukumar ƙwallon Falasɗinu ta kai ƙarar Isra'ila gaban FIFA a 2024, sai aka shiga jan ƙafa da kafa kwamiti. Kulob ɗin Mainz na Jamus ya kori ɗan wasansa Anwar El Ghazi a 2023 saboda abin da ya rubuta kan Gaza, sai kotu ce ta ce korar ba ta bisa ƙa'ida. Wannan fuska biyu tana ƙona mini rai. El Ghazi yana da lauyoyi da kuɗin jiran shari'a. Kai ɗalibi ne mai biza. Kana da 'yancin faɗin ra'ayinka da shiga zanga-zangar lumana, ni ma ina shiga, amma ka san dokar ƙasar kafin ka rubuta, ka guji zagi, ka guji yaɗa abin da ba ka tabbatar ba. Abin da ka sa a Facebook cikin fushi yana nan yana jiranka ranar sabunta takardu ko neman aiki.

Kan kuɗin Larabawa, na san kuna murna a gida duk lokacin da aka ce Musulmi ya sayi kulob. Ni murnata ba ta kai taku ba. Na ji daɗin kofin duniya na Katar, na yi ihu har muryata ta dishe da Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe, kuma na ga munafunci a sukar da wasu jaridun nan suka yi, alhali sun yi shekara 19 suna tafa wa kuɗin attajirin Rasha Abramovich a Chelsea sai da yaƙin Yukren ya ɓarke. Amma leburorin da suka gina filayen nan cikin zafin rana, daga Nepal da Bangaladash da ƙasashen Afirka, talakawa ne irinmu, da yawansu Musulmi, kuma an ci haƙƙinsu. Munafuncin mai suka ba ya wanke wanda aka soka. Yanzu asusun gwamnatin Saudiyya ya mallaki Newcastle tun Oktoban 2021, an kuma ba ƙasar kofin duniya na 2034 ba tare da abokin takara ba, tambayar leburorin za ta sake dawowa, kuma ya kamata mu ne kan gaba wajen yin ta.

Abin da ya fi damuna a matsayin ɗan kallo shi ne adalcin gasar kanta. A Fabrairun 2023 aka tuhumi Manchester City da laifi 115 na karya dokokin kuɗi, kulob ɗin ya musanta, aka haura shekara biyu ba a ji hukunci ba. Everton kuwa cikin watanni aka zaftare mata maki 10, daga baya aka rage zuwa 6, Nottingham Forest aka cire mata 4. Ban ce City ta yi laifi ba, wannan aikin masu shari'a ne. Amma kowa ya ga wanda ke da ƙarfin ɗaukar manyan lauyoyi da wanda ba shi da shi. VAR da kuke ta faɗa a kanta ƙaramar magana ce kusa da wannan.

Inda na ga ƙarfin talaka shi ne Afrilun 2021, da ƙungiyoyi 12, shida daga Ingila, suka sanar da gasar Super League wadda ba mai faɗuwa daga cikinta. Magoya baya suka fito titi, har na ƙungiyoyin da za su ci ribar, cikin kwana biyu shirin ya rushe. Wannan boren na cikin abin da ya kai ga dokar 2025 da ta kafa hukuma mai zaman kanta don sa ido kan masu kulob.

Yanzu koma kan takardunka. Ban da kuɗin makaranta, za a nemi ka nuna kuɗin zama na wata tara, sama da fam 1,000 kowane wata, na Landan ya fi haka, kuma su kwana 28 a asusu ba tare da sun ragu ba. Akwai kuɗin biza, da na lafiya da aka kai fam 776 a shekara tun 2024, da gwajin tarin fuka. Kada ka dogara da aikin awa 20 wajen biyan makaranta, da ƙyar yake ɗaukar haya da abinci. Da darajar naira ta faɗi a 2023 da 2024, ɗalibai 'yan Najeriya da dama sun kasa cika kuɗin zango, wasu aka cire sunansu aka ce su koma. Ka zauna da Baba ku yi lissafin da fam, ba da naira ba, ku kuma bar rara. Dokokin suna yawan sauyawa, saboda haka ka duba shafin gwamnatin Birtaniya da kanka kafin ka biya komai.

Ka turo mini takardar gurbin da sunan kwas ɗin da garin da jami'ar take, in duba maka tsadar haya a can da nisan masallaci. Ka taho da takalmin ƙwallonka, muna bugawa da 'yan uwa duk ranar Lahadi da safe, kuma muna neman ɗan tsakiya. Ka gaida Mama, ka ce mata ina nan ina addu'a.