Kyamara Ba Ta Shiga Zuciya

'Yata, na ga saƙonki tun daren jiya, ban so in amsa miki a tsaitsaye ba ne. Kin ce littafinki na soyayya da kike saki kashi-kashi a WhatsApp ya karɓu, har wani furodusa ya nemi ki mayar da shi fim. Kin shafe wata biyu kina fama, kin cika shafi 180, darakta ya duba ya maido miki, ya ce littafi ne kawai aka sauya wa riga. Shi ne kike tambaya: "Malam, a ina na kuskure, alhali ko kalma ɗaya ban rage daga labarin ba?"

To ai kin ba kanki amsa. Rashin ragewar ne ya kayar da ke.

Na karanta shafi ashirin na farko. Mu ɗauki wurin da Alhaji ya sanar da uwargida zai ƙara aure. A littafi kin yi shafi uku cur a cikin zuciyarta. Ta tuna zaman gidan haya, ta tuna sarƙar gwal ɗinta da ta sayar aka ƙara masa jari, wani abu ya tokare mata maƙogwaro. Wannan a littafi ba laifi, abin da masu karatunki suke biyo ki dominsa ke nan. Amma kin kwashe shi ɗungurungum kin juye a sikirif, wato rubutun da ake bi a ɗauki fim. Ki gaya mini, mai kyamara me zai ɗauka? Mace zaune a bakin gado ta yi tagumi minti uku? Alƙalami yana da mabuɗin zuciya, kyamara kuwa a bakin ƙofa take tsayawa. Abin da ido bai gani ba, kunne bai ji ba, babu shi a fim.

Da ni ne, ga yadda zan rubuta wurin:

CIKI. FALON ALHAJI. DARE.

Hajiya tana durƙushe tana zuba masa miya a kan tuwo.

ALHAJI: Af, na manta ban faɗa miki ba. Ranar Juma'a za a kai kuɗin gaisuwa gidan su yarinyar nan.

Ludayi ya tsaya a hannunta. Sai ta ci gaba da zubawa, miya ta cika kwano ta fara tsiyaya a kan leda.

HAJIYA: Allah ya sanya alheri. A ƙaro nama?

Hannunta ya kai wuyanta, inda babu sarƙa.

Kin ga shafi uku sun koma layi shida. Bakinta ya yi addu'a, hannunta ya tona mata asiri, duk macen da take kallo kuma ta gane ba sai an fassara mata ba. Sai dai akwai sharaɗi: hannun da ya kai wuya ba zai faɗi komai ba sai mai kallo ya riga ya ga sarƙar. Don haka can farkon fim ki ba mu sin, wato fitowa, ɗaya gajere, ta cire ta da hannunta ta miƙa wa dillaliya, Alhaji yana tsaye ya sunkuyar da kai. Sai kin shuka can za ki girba nan.

Na lura kuma da kin ga tunanin ba zai ɗauku ba, sai kika ƙirƙiro mata aminiya, suka zauna a ɗaki tana zayyana mata duk abin da ya faru tun auren fari. Wannan dabarar ragwaye ce, ni ma na yi ta da ƙuruciya, kunya nake ji in na tuna. Mutum biyu su zauna suna gaya wa juna abin da dukkansu sun sani, don kawai mai kallo ya ji. Wa yake magana haka a gidansu?

Batun tsawo ba ya buƙatar dogon bayani. In an buga sikirif bisa tsarin da aka saba, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo. Shafi 180 awa uku ke nan. Ko dai ki datse rabi, ko ku zauna da furodusa a mayar da shi mai dogon zango, irin wanda ya yi kasuwa bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014 da kuma yawaitar kallo a YouTube. In hakan aka zaɓa kin yi sa'a, don kin iya tsinke babi a daidai inda mai karatu zai kwana yana jiran ci gaba. Wannan baiwar ki riƙe ta da kyau, da yawa ba su da ita.

Sai kuɗi, wanda marubutan littafi ba sa so a ambata. Kin rubuta cewa ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. A takarda kyauta ne, a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, tankar ruwa ce. Kin sa dinar mutum ɗari uku, kin sa haɗarin mota, kin kai jarumi Dubai ya sayo lefe ya dawo. Kowane sabon wuri sai an kwashi ma'aikata da fitilu da janareta, an ciyar da su. Ki ƙirga wuraren da ke labarinki, duk wanda za a iya yi a tsakar gida ki dawo da shi tsakar gida. Harkar nan tun 1990 da 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fara fim ɗin bidiyo a Kano, da ƙaramin aljihu ta tashi, har yau furodusa da aljihunsa yake karanta sikirif.

Kada ki manta da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. A ƙa'idarta, jarumi ba zai taɓa jikin jaruma ba. Wasu suna kukan an ɗaure musu hannu, ni kuwa ina ganin nan ake gane gwani. Saurayi a ƙofar gida, budurwa a bakin zaure, taku uku a tsakaninsu, ƙaninta yana kai-komo da ruwan sha yana kasa kunne. Ta miƙa kofi ba ta ɗago ido ba, shi kuma ya sha ruwan duka alhali ba ya jin ƙishi. Soyayya ta wuce wannan?

Akwai wata dabara da na aro daga nesa. A Amurka, a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Ana zama a kewaye tebur, mutum ɗaya ne jagora, shi yake kwatanta wuri da abin da ya taso, sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya na cikin labarin ya faɗi abin da zai aikata, sai a jefa 'yan ƙwayoyi masu lambobi a ga ko ya yi nasara. Jagora ba ya rubuta ƙarshen labari, don bai san abin da 'yan wasa za su zaɓa ba. Abin da yake shiryawa shi ne wa yake son me, kuma me ya tare masa hanya. Ke ma gwada. Tara ƙawayenki uku, ki ce wannan ce Hajiya, burinta kada amarya ta shigo gidan nan. Wannan Alhaji, burinsa a yi bikin ba tare da surukai sun ji hayaniya ba. Wannan uwarsa, jika namiji take so. Kada ki ba su ko layi ɗaya, kamar dai yadda yara suke tashe da azumi, kowa ya san rawarsa ba takarda. Ki koma gefe da littafin rubutu. Wadda ta rasa abin faɗa, ba laifinta ba ne, ke ce ba ki ba ta buri ba. Ina jin jarumarki ce za ta fara yin shiru, don a shafi ashirin ɗin nan kuka kawai na ga tana yi, komai yi mata ake yi.

Littafin ki bar shi yadda yake, na masu karatu ne. Ranar Asabar bayan la'asar ki kawo mini sin ɗin da amarya ta fara shigowa gaida uwargida, shafi biyu kacal. In na ga "ta ji", "ta tuna" ko "a ranta ta ce", jan birona yana nan a aljihu.