Masu iyo ne ko 'yan ninƙaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a raba mana gardama, ni dai tun tasowata "masu iyo" na sani, to sai ga shi a rediyo lokacin gasar Olamfik ina ta jin ana cewa "'yan ninƙaya", abokina kuma ya dage wai linƙaya ne daidai. Wanne ne Hausar gaskiya? Daga wani mai karatu a Yawuri.

AMSA: Wa'alaikumus salam. To ai kai da abokin naka babu wanda ya faɗi ƙasa, iyo Hausa ce, ninƙaya Hausa ce, linƙaya ma ita ce dai ninƙayar, wasu bakin ne ke juya "n" ta koma "l". Amma fa a bakin mutane ba wuri ɗaya suke zama ba.

Ɗan ninƙaya ko 'yar ninƙaya yanzu kusan 'yan jarida sun mayar da ita ta fagen wasanni, wato wanda ya ɗauki abin sana'a, yana da koci yana atisaye, a hura usur ya faɗa ruwa ana duba agogo, irin su Michael Phelps ɗan Amurka da ya tara lambobin zinare 23 a Olamfik. Kamar dai yadda muke cewa ɗan dambe ko ɗan ƙwallo. Mai iyo kuwa kowa ne, har yaron da ya cire riga ya rataye a kan geza ya faɗa rafi, in ya gwanance a ce gwanin iyo. Su yaran ma ba sa cewa za su iyo, "wanka" suke cewa, mu je wankan kududdufi, sai sun dawo ido jawur jiki ya yi furu-furu uwa ta gane inda aka je.

Sannan akwai nutso da kurme, wanda zai shige ƙarƙashin ruwa ya riƙe numfashi ka yi ta zuba ido har gabanka ya fara faɗuwa sai ka ga ya ɓullo can gaba. Kai da kake jihar Kebbi ai ba sai an faɗa maka ba, a bikin kamun kifi na Argungu da aka fara tun 1934, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin al'adun duniya a 2016, ban da ranar da masunta ke rugawa cikin Matan Fada da koma da gora akwai kabanci, a nan ake gasar nutso da tseren kwalekwale da kamun agwagwar ruwa da hannu.

Ni dai wadda ta fi min nauyi duk cikinsu ita ce "ya iya ruwa", kuma wallahi ina jin takaicin yadda matasa ke ɗaukarta da wasa. Mutum ya koyi 'yar ninƙayarsa a wurin wankan otal, ruwa a kwance ana hango ƙasansa, sai ya zo gulbi da damina ruwa ya kawo yana ja yana juyawa ga laka ga ciyawa mai naɗe ƙafa, ya ce ai ya iya. Bai iya ba. Iya ruwa fidda kai in ji Hausawa, kuma duk ranar da jirgin fito ya kife a kogin Neja ba 'yan gasa ake nema ba, Sarkin Ruwa ake aika wa, ya taso da Sarkawa da masunta waɗanda suka san inda ruwa ke ci da inda yake ajiye abin da ya ɗauka.

Kana kuma ji ana cewa wane yana ninƙaya cikin dukiya, marubutan littattafan soyayya ma ba su da aiki sai ninƙaya a kogin ƙauna, wannan aro ne kawai. In labarin gasa kake rubutawa sa 'yan ninƙaya, in hira ce a bakin gulbin Yawuri ci gaba da masu iyonka, abokin naka ma ka bar shi da linƙayarsa.