Gwajin MRS ba ya maye gurbin ɗaukar tsoka

Malam, ka tambaya ko gwajin MRS na furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) zai hutar da Baba allurar ɗaukar tsoka don binciken cutar daji, tunda PSA ɗinsa, wato sinadarin furostet da ake aunawa a jini, ya hau. A'a, ba zai hutar da shi ba. A cikin injin hoto na MRI ake yin MRS, amma sinadaran naman yake aunawa. Lafiyayyen furostet cike yake da sinadarin sitiret; inda daji ya kama, sitiret kan ragu, sinadarin kolin ya hau. Manuniya ce kawai, domin kumburin furostet ma kan kawo irin wannan sauyin. Tun 2015 ma tsarin PI-RADS, wato ƙa'idar da likitoci ke bi wajen karanta hoton MRI na furostet, ya cire MRS daga ma'auninsa.

Abin da na sha gani a ɗakin hoto: in an riga an ɗauki tsokar, kada a yi garajen yin MRS. Jinin da ya kwanta ciki yana dagula layukan da ke nuna awon sinadaran, sakamako ya fito kamar rubutun tsutsa. A jira aƙalla mako 6. Kuma ka faɗa masa tun a gida, wani injin sai an zura 'yar na'ura ta dubura. Gara dattijo ya ji daga bakinka.