Tambaya da Amsa: Gina Ƙaramin Garejin Kanikawa da Bulon Lego

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana so ya gina ƙaramin garejin kanikawa da bulon wasa na Lego, amma motocinsa ba sa dacewa da girman ginin. Ta ina zai fara? Daga wata uwa a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ya fara da zaɓar motar, domin ita ce ma'aunin komai. A bulon Lego, wanda wani kamfani na ƙasar Danmak ya yi wa rajista a 1958, tazarar da ke tsakanin tsakiyar ƙullutu biyu (wato 'yan tudun da ke saman bulo) milimita 8 ce, tsayin bulo ɗaya kuwa milimita 9.6, kuma faranti (wato bulo mai faifai marar kauri) uku ne ke daidai da tsayin bulo ɗaya. Saboda haka, idan faɗin motar ƙullutu 8 ne, ƙofar garejin ta kai 12, don a samu wurin da bakanike zai raɓa. Motocin wasa na Hot Wheels, masu ma'aunin 1:64 (wato kashi ɗaya cikin 64 na girman motar gaske), sun yi wa 'yan mutanen Lego ƙanƙanta, gara kada ya haɗa su.

Faranti mai ƙullutu 32 a kowane gefe ya isa harsashi. Wajen ɗora bango, ya riƙa sarƙa bulo kamar yadda magina ke yi, in ba haka ba ginin zai tsage. A ganina, abin da ke ba garejin rai shi ne tarkacensa: tsofaffin tayoyi jibge a kusurwa, jak a ƙarƙashin mota, da baƙin faranti a daɓe a matsayin zubabben baƙin mai.

A ajiye shi nesa da taga, domin rana tana mayar da farin bulo rawaya, kuma a rufe shi lokacin ƙurar hunturu.