Da gaske jiki na yin nasa maganin kashe ciwo?

Ɗan'uwa, ka ce ka ji a majalisa nan Sakkwato cewa jikin mutum da na dabba suna da sinadari mai aiki irin na mofin, wato maganin kashe ciwo mai ƙarfi da ake bayarwa a asibiti, har kana tambaya ko hakan na nufin tiramol ba shi da illa. Rabin maganar gaskiya ne.

A 1975 masu bincike biyu a birnin Aberdeen na Birtaniya, John Hughes da Hans Kosterlitz, suka ciro irin wannan sinadari daga ƙwaƙwalwar alade. A 1976 aka samo wani, endofin, daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwar raƙumi, raƙumin nan dai da muka sani. Jiki kan sake shi lokacin naƙuda, ko rauni, ko aikin ƙarfi, sai zafin ciwo ya ragu. Kaɗan yake fitarwa, kuma ba ya daɗewa jiki ya narkar da shi.

Tiramol da kodin wurin da endofin ke kamawa a jiki suke kamawa, amma da yawa, kuma su daɗe. In aka dinga sha, jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ba ta isa, ranar da babu sai ciwon gaɓoɓi, zufa da rashin barci. Tiramol da yawa ma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Cin ƙwaƙwalwar raƙumi kuwa ba zai ba ka komai ba, ciki zai narkar da sinadarin kamar sauran nama.

Wanda ya riga ya saba da ƙwaya kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai. A kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, likita ya rage masa sannu a hankali.