Wayar batir ɗina tana zafi, inbata na kuka: me zan sake saya?

Tambaya daga wani mai shago a unguwar Zango, Damagaram: "Ina da batir mai bolt 12 da inbata mai wat 500. Telebijin, fanka da ƙwayaye nake kunnawa, duka wat 300 ne. Wayar da ta haɗa batir da inbata mai kaurin 1.5 ce (milimita murabba'i, mm²), tsawonta mita 3. Tana zafi, inbata kuma tana ƙara ta ɗauke ko da batir a cike yake. In sayi babbar inbata?"

Malam, riƙe kuɗinka, inbatarka lafiyarta lau. Wayar ce ta yi mata kaɗan.

Lissafi biyu ke riƙe da wannan aiki. Wat shi ne bolt sau amfiya. Tirjiya kuma, wato yadda abu ke tare wa wuta hanya, wadda ake aunawa da om, ita ce bolt a raba da amfiya. Wannan ita ce dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827. Kayanka na wat 300 in a wutar gida ne mai bolt 220, amfiya 1.4 kawai za su ja, siririyar waya ta ishe su. A gefen batir kuwa 300 za ka raba da 12, ka sami amfiya 25, ka ƙara abin da inbata ke ci da kanta, ya kusa 30.

To, dubi wayar taka. Mita guda na jan ƙarfe mai kaurin 1 yana da tirjiyar om 0.0175. Wuta tafiya take ta dawo, don haka mita 3 ɗinka mita 6 ne. Ka ninka 0.0175 sau 6, ka raba da 1.5, om 0.07 ke nan. Kamar ba komai ba. Amma amfiya 30 sau 0.07 bolt 2.1 ne da ke zubewa a hanya, inbata ta ga kusan bolt 10, ta ɗauka batir ya mutu, ta yi kuka. Zafin da kake ji a hannu kuwa wat 63 ne ke ƙonewa cikin robar wayar, kuma a zafin watan Afrilu na garin nan ba ta da inda za ta huce.

Matso da inbata ta zama mita guda daga batir, ka sayi waya mai kaurin 10. Asarar za ta koma bolt 0.1. Ka sa fiyus mai amfiya 60 dab da kan batir na jan waya, ka ɗaure kawuna da noti, ba a naɗa waya da hannu a nan. In ka shiga kasuwar Dole, kankare bakin wayar da wuƙa kafin ka biya: in cikinta ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, tirjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi. Ajiye musu abinsu.

Wata uwargida daga Birni ta ce: "Butar lantarki mai wat 2000 da dutsen guga mai wat 1200 nake jonawa a ralonj ɗaya. Ralonj biyu sun narke. Wace iri zan saya?"

Hajiya, juya bayanta ki karanta. Da yawansu an rubuta 10A, amfiya 10 ke nan, wato 220 sau 10, wat 2200 ne iyakarta. Ke kuwa 3200 kike ɗora mata, amfiya 14.5. Ki nemi mai 16A da waya mai kaurin 2.5, ko mafi sauƙi, buta ta shiga soket na bango ita kaɗai. In ramukan sun yi sako-sako har filogi na rawa, nan ne narkewa ke farawa.

Af, in wata rana butar ta yi jinkirin tafasa, kada ki yi saurin yar da ita. Tirjiyarta om 24 ce. Wuta in ta sauko bolt 180, wat 1340 kawai za ta bayar. Mai gyara ya cire ta daga wuta ya ɗora na'urar awon tirjiya: in ya ga kusan om 24, lafiyarta ƙalau.

Wani ɗalibi kuma: "Jan LED nake son kunnawa da batirin babur. Wane rezistans zan saya?"

Ƙanenmu, rezistans shi ne ɗan abin da ke rage wa LED wuta. LED ɗin bolt 2 take ci, da amfiya 0.02. Daga bolt 12 na batir saura bolt 10, ka raba da 0.02, om 500. Nemi wanda ya ɗan fi haka a shago, mai om 560, mai zanen kore, shuɗi da ruwan ƙasa. Sai dai in injin na aiki batir kan kai bolt 14.4, zafin da rezistans zai sha ya zama wat 0.27. Mai kwata wat ya yi kaɗan, ka ce a ba ka mai rabin wat.