Motar gona a kan ƙaramar tirela: taya ake ɗaurewa, ba rufi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Samaru, gonata kuma tana wajen Maigana. Na sayi 'yar motar gona ɗin nan mai bodin kaya a baya, Polaris Ranger, ta hannu. Ba ta da lamba, shi ya sa nake ɗora ta a ƙaramar tirela in ja da Hilux. Igiya nake ratsawa ta ƙarfen rufinta in ɗaure tamau, amma kafin in wuce Kwangila sai in tarar igiyar ta saki, motar ta gusa. Rannan kuma tirelar ta riƙa kaɗa wutsiya a baya har gabana ya faɗi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a abin hawa, ya kuma ƙara tsarewa. Matsala biyu ka kawo, kowacce da sanadinta. Bari in fara da sakin igiyar.

Ba ƙarfin hannunka ne ya gaza ba, wurin da ka ɗaure ne. An ƙera irin wannan mota don gargada, saboda haka sifirin ɗinta da shokazoba masu laushi ne ƙwarai. Ka dafa bambarta ka danna, za ka ga yadda take dulmiya ta taso. To haka take yi a kan tirela duk sanda ka faɗa rami ko ka hau tudun rage gudu. Idan ta dulmiya, rufin ya yi ƙasa, igiya ta yi sako-sako. Idan ta taso, ta fizgi igiyar. A yi haka sau ɗari tsakanin Samaru da Kwangila, wane ƙulli ne zai tsaya? Ga shi igiyar leda da kanta tana miƙewa. Ƙarfen rufin nan ma an yi shi ne don ya kare kan mutum idan mota ta kife, ba wurin ɗauri ba ne.

Abin da ba ya hawa da sauka a jikin motar shi ne taya, don ita ce zaune a kan daɓen tirela. Saboda haka ita za ka kama. Ka nemi bel ɗin ɗaure kaya mai racet, irin wanda direbobin manyan motoci ke ɗaure buhuna da shi, mai faɗin santimita 5, guda huɗu, kowace taya da nata. Bel ɗin ya taso daga zoben da ke gaban taya, ya bi ta kan tsakiyar tayar, ya sauka a zoben da ke bayanta, sannan ka ja racet har ka ga tayar ta ɗan lotsa. Akwai wanda aka ɗinka kamar raga yana rungume taya, in ka samu shi ya fi. Da an yi haka bodin ya yi ta rawarsa a kan sifirin, ƙafafun suna nan daram.

In tirelarka ba ta da zobba kusa da tayoyi, sai ka kama shasi, can ƙasa, a wuraren da littafin motar ya nuna: biyu a gaba suna ja gaba, biyu a baya suna ja baya. A nan dole ka ja har motar ta ɗan zauna a kan sifirin ɗinta, kuma ƙugiyoyin su zama masu marfi, don ko bel ya yi sanyi na daƙiƙa guda kada ƙugiya ta zame. Kada ka kuskura ka rataya a sandar sitiyari, ko ƙarfen da ke juya taya, ko ka danne bututun man birki. Wayar winci, wato injin ja da ke gaban motar, ita ma ba ɗauri ba ce. Ni dai da za ka bi tawa, gara ka kai tirelar wurin mai walda a Sabon Gari ya dasa maka zobba takwas a jikin ƙarfen gindinta, ba a kan falan ƙarfen daɓe ba. Ka tsaya a kansa. Na taɓa karɓar aron wata tirela, zobenta ya yi kyau a ido, fenti har sheƙi yake, ashe ɗiga walda kawai aka yi masa. Ina jan racet ya ɓalle ya wuce ta gefen kunnena.

Game da ƙarfin bel, ka duba 'yar takardar da ke ɗinke a jikinsa. Lambar da ke gaban haruffan WLL ko LC ita ce nauyin aikinsa, ita za ka riƙe, ba babbar lambar da ke nuna inda zai tsinke ba. A bel ɗin Amurka nauyin aiki kashi ɗaya ne cikin uku na waccan. Ƙa'idarsu ta ɗaurin kaya ta ce jimillar ƙarfin ɗaurin kada ta gaza rabin nauyin kayan, kuma ɗaurin ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin idan aka taka birki da ƙarfi. Mu ɗauka motarka kilo 700 ce. Ranar da ɗan acaɓa ya gitta maka a PZ ka take birki, kamar kilo 560 ne ke neman tahowa bayan Hilux ɗinka. Bel ɗin da rana ta cinye har ya yi fari, ko mai yanka a gefe, ko wanda aka ƙulla a tsakiya, a bar shi wa ɗaurin kara.

Sai kaɗa wutsiya. Wannan ya fi sakin igiya haɗari, kuma kusan kullum daga wurin da aka tsayar da motar yake. Idan nauyi ya rinjaya bayan tayoyin tirela, hancinta sai ya yi sama, ya rage wa tayoyin bayan Hilux kamun ƙasa, daga nan sai rawa. Abin da ake so, kamar kashi 60 na nauyin ya kasance gaban tayoyin tirelar, hancin kuma ya danne ƙwallon jan, wato dunƙulen ƙarfen bayan Hilux da ake maƙala tirela a kai, da kashi 10 zuwa 15 na jimillar nauyi. In mota kilo 700 ce, tirela 400, ka ga 1,100 ke nan, sai hanci ya ɗauki tsakanin kilo 110 da 165. Injin yawancin waɗannan motoci yana bayan kujera ne, ƙarƙashin bodi, don haka ko ta fuskanci gaba nauyinta na baya. Ka matsa da ita gaba kaɗan-kaɗan har bayan Hilux ya ɗan zauna, tirelar ta miƙe sosai, ba ta ɗaga hanci ba, ba ta kuma dunƙufa ba. In ka samu wurin, ka shata shi da fenti a daɓe, ka huta da lalube. Buhunan taki kuma su shiga bodin Hilux, kada a jibga su a bodin ƙaramar motar. Idan rawar ta sake tasowa a hanya, ka ɗage ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danna birki da ƙarfi.

Wajen ɗorawa, tirela ta kasance a jone da Hilux tukuna, an ja birkin hannu, an sa waigi. Ka hau da ƙaramar giya, tayoyi huɗu na ja, ba kowa a gaba. In ta zauna ka sa giyar fakin, ka zare makulli, ka tabbatar sakatar bodin juye kaya ta kama. Ta fuskanci gaba, musamman in tana da gilas, don iskar da ta bugo shi ta ciki tana iya cire shi. Sarƙoƙin tsaro biyu a gicciye su ƙarƙashin hancin tirela. Ka gwada sigina da wutar birki. Ka kuma duba ƙwallon jan: na Turai milimita 50 ne, na Amurka mai inci 2 milimita 50.8, a ido kamar ɗaya suke amma ba sa zama da kyau a bakin juna. Jelar bel da ta rage a naɗe ta a ƙulle, kada taya ta kama ta.

Kana fita daga gari, ka samu wuri mai fili ka tsaya ka taɓa kowane bel, don a farkon tafiya ne kaya ke zama. Dawowa daga gona ta fi buƙatar wannan. Da damina laka takan cika haƙoran taya, ka ɗaure a kanta, ta bushe a hanya ta zube, bel ya yi sanyi. Da kaka kuma kututturen dawa ko ƙaya kan huda taya ba ka sani ba, iska na fita a hankali, ɗaurin na saki tare da ita. Ka kankare lakar da sanda kafin ka ɗora bel, ka danna kowace taya da ƙafa, sannan ka sake tsayawa bayan kamar kilomita 10 da barin Maigana ka ƙara wa racet ɗin ja ɗaya ko biyu.